Itacen Jegon Kellu

Duk wanda ya zauna a unguwar Dogo Tebo ta Potiskum a shekarun nan ya san Ya Kaka, in bai san fuskarta ba ya san muryarta. Gajeriyar mace ce 'yar asalin Barno, da zane a kumatu da haƙora jajaye saboda furen taba da goro, kuma ba a taɓa jin ta bar magana ta kwana a cikinta ba. Ita ke wanke matan unguwa idan sun rasu, aikin da ta gada wajen uwarta. Mijinta falken shanu ne, ya daɗe da rasuwa. Ta haihu sau da yawa, ƙasa ta karɓe su duka sai ɗaya, Kellu, wadda ke aure a Damagum gidan wani dillalin shanu mai suna Bakari.

Tun ranar da labari ya iso cewa Kellu na da ciki, Ya Kaka ta fara tara itace. Al'ada ce, haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Idan ciki ya tsufa a kawo yarinya gida, ta haihu a ɗakin da aka haife ta, uwarta ta yi mata wankan jego safe da yamma har arba'in, da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya. Sau ɗaya ake yi wa uwa wannan gata, haihuwa ta biyu kuma ta dangin miji ce. Ya Kaka ta wanke 'ya'yan mutane ba adadi zuwa kabari, ta ce Allah ya nufa wannan karon za ta wanke tata zuwa rayuwa.

Ba kowane itace take saya ba. Ƙirya da marke take zaɓa, masu riƙe wuta, ta ƙwanƙwasa ta ji ƙararsu, ta yi faɗa da mai jaki har ya gaji ya bar mata. Ta jera su a bayan ɗaki har suka wuce tsawon katanga. Ta sayo ƙatuwar tukunyar ƙarfe, ta tanadi kanwa da gero na kunu, ta haɗa turaren wuta da humra da hannunta ta rufe a kwalabe. Maƙwabciyarta Aisa, ƙawarta tun suna amare, wadda ke zuba mata ruwa idan tana wankan gawa, takan leƙo ta katanga ta tambaye ta ko duk matan Potiskum za ta yi wa jego. Ya Kaka ta ce mata ta sa ido, ranar suna za ta ga abin da ake kira haihuwa a gaban uwa.

Cikin bazarar 1971 cutar ta shigo gari. Wasu suka ce a motocin da ke fitowa daga gabas ta zo, wasu suka ce daga kudu. Mutane na cewa amai da gudawa, 'yan asibiti na cewa kwalara. Mutum ya yi sallar asuba da ƙafarsa, kafin la'asar idanunsa sun faɗa, fatarsa ta yamutse kamar tsohon zane, kafin gari ya sake wayewa ana haƙa masa kabari. Ya Kaka da takan yi wata ba a kira ta ba, sai ga shi ana buga mata ƙofa kullum.

Wata safiya tana shirin shiga ɗakin gawa, sai ga Laraba, ma'aikaciyar asibiti 'yar unguwar, da farar riga da bokiti da wani farin garin magani mai hawa kai. Ta durƙusa ta gaishe ta kamar yadda ya kamata, sannan ta shiga bayani. Cutar tana cikin abin da ke fita daga jikin majinyaci, tana bin hannu da tufafi da ruwan sha, kuma gawa ba ta daina ɗauke da ita. A zuba maganin a ruwan wanka. A ƙone tabarma da zanen da suka ɓaci. Wadda ta taɓa gawa ta tsoma hannu a ruwan magani har gwiwar hannu, ta wanke da sabulu, kuma kada ta kusanci abincin kowa. Ruwan sha kuwa, sai wanda aka tafasa.

Ya Kaka ta dube ta sama da ƙasa. Ta tuna mata cewa a gabanta aka yi mata wankan jariri, yau kuma ita za ta koya mata wanka. Da abin ya tsaya nan da ta kore ta, amma a bayan Laraba akwai Malam Zarami, limamin unguwa, ƙanin marigayi mijinta. Tun tana amarya suke wasan ƙanin miji, tana ce masa malamin da ya fi sanin akushi da allo, yana ce mata gangar Barno. Ranar nan bai yi dariya ba. Ya ce ya saurari yarinyar, ya duba abin da ya sani na karatu, bai ga inda suka saɓa ba. Tsarki umarni ne, kare rai wajibi ne, kuma ba a yarda mutum ya cutar da kansa ko ya cutar da wani ba. Ya riga ya faɗa wa maza kowa ya yi alwala a gida da butarsa, a bar musabaha, a yi jana'iza a watse ba zaman makoki da ciye-ciye.

Ya Kaka ta bi, tana mita. Ta tsoma hannu a ruwan maganin tana zagin warinsa.

Da yamma ta sami Malam a zaure, don abin da ke cin ta daban ne. Watan haihuwar Kellu ya kusa. Ta ce in kawo ta garin nan ya gagara, to ita za ta ɗauki tukunyarta ta tafi Damagum, tunda har yanzu ba a ji ɗuriyar cutar a can ba. Malam Zarami ya amsa yana jan carbi. Ya ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi horo cewa idan annoba ta sauka a gari, wanda ke waje kada ya shiga, wanda ke ciki kada ya fita. Wanda ya zauna ya yi haƙuri yana da lada mai girma.

"To Kellu kada ta zo, ni kuma kada in je," in ji Ya Kaka. "Wa zai riƙe ta? Uwar miji?"

"Ya Kaka, matar falke ce ke. Idan ciwo ya shiga garken yayana, yana kai su mashayar shanun mutane?"

Ta ce ita ba saniya ba ce, kuma shi da Laraba ba wanda ya taɓa jin zafin naƙuda, shi ya sa maganar ta yi musu sauƙi a baki. Ta shuri takalmanta ta fita. A ranta ta riga ta yanke, ranar kasuwa mai zuwa za ta hau mota, duk wanda ya isa ya hana ta.

Aisa ce ta hana ta. Sun wanke wata amarya tare a wani gida bayan masallaci. Da suka fito, Aisa ta ce ruwan maganin nan saɓule mata hannu yake yi, ta ɗauraye da ruwan buta kawai. Ta ga matan gidan sun rasa abin da za su ba dangin da suka zo daga ƙauye, kuma a wajen Aisa abin kunya ne baƙo ya yi ta'aziyya ya koma da yunwa. Ta zauna ta dama musu fura da hannunta, ta sha, aka sha. Ya Kaka tana bakin bokiti tana wanke hannu, ta gani, ba ta hana ba, don ita ma a lokacin ba ta gama yarda ba.

Gidan nan sai da aka fitar da gawa bayan gawa. Waɗanda suka koma ƙauye suka kai cutar can. Aisa kanta aka ɗauka a amalanke zuwa rumfunan da aka kafa wa masu cutar, aka yi ta ƙara mata ruwa, amma an makara. Ya Kaka ta wanke ta ita kaɗai, ba mai zuba mata ruwa. Ta riƙe hannun nan da ya dama furar, ta daɗe tana kallonsa. Hannu ne mai tsabta a ido, da lalle ja a tafinsa, ba abin da mutum zai gani a jiki. Ta dubi nata. A nan tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba a gaban gawa, domin da wannan hannun ta yi niyyar dama wa Kellu kunun kanwa.

Washegari unguwa ta tashi ta ga abin mamaki. Ya Kaka ta mirgino tukunyar jego har ƙofar gida, ta kafa murhu, ta fara zaro ƙiryar da ko kaza ba ta bari ta hau. Talakawan unguwa ba su da itacen tafasa ruwan sha, na tuwo ma da ƙyar. Ta aika gida gida kowace mace ta wanke tulunta da sabulu ta kawo. Ita wuta kawai take izawa, ba ta taɓa ruwan. Ta sa Talatu, wata maƙwabciya da ba ta shiga gidajen rasuwa, ta riƙa kwasa da ludayi ɗaya. Duk wadda ta miƙo moɗarta za ta tsoma a tukunya, sanda ce ke sauka a hannunta. Laraba ta zo ta gani ta yi murmushi, Ya Kaka ta ce ta rufe haƙoranta, ba don ita ake yi ba.

Ta kuma nemo Tanko, direban motar katako da ke zirga-zirga tsakanin Potiskum da Damagum, ta tsaya nesa ta ba shi saƙo. Ya faɗa wa Bakari da uwarsa Gogo kada a kawo Kellu, ta haihu a can.

Tanko ya kai saƙo ya dawo da amsa mai ɗaci. Gogo ta ce ba a taɓa yi ba, uwa da ranta ta ƙi karɓar haihuwar fari, sai dai in akwai wata a ƙasa. Kellu kuma ta yi ta kuka, ta ce ko mutuwa ce a ɗakin uwarta za ta yi ta. Sun tsayar da magana, ranar kasuwa suna tafe a motarsa.

Ranar kasuwar, bayan sallar asuba aka kira Ya Kaka wankan wata tsohuwa. Tana gamawa ta wanke hannu har fatar ta yi fari, ta sauya zane, ta kama hanyar gabas da ƙafa. Ta wuce gidajen ƙarshe na gari, ta wuce gonakin da ba a fara shuka ba, ta sami wuri ta tsaya a gefen titi. Rana ta ɗaga, ƙasa ta ɗau zafi har ta ratsa takalmi. Da ta hango motar Tanko ta shiga tsakiyar hanya ta ɗaga sandarta, ta ƙi gusawa, har ya taka birki yana salati.

Bakari ya fara sauka, sannan ya sauko da Kellu a hankali. Ciki ya yi ƙasa, ƙafafunta sun kumbura, fuskar ubanta sak. Tana ganin uwarta ta saki ƙunshin da ke hannunta ta taho.

"Tsaya nan," in ji Ya Kaka. "Kada ki ƙara taku ɗaya."

Kellu ta tsaya. Ya Kaka ta juya ga Bakari, surukin da tun ranar aure ba su taɓa haɗa ido ba, ta ajiye kunya gefe ta dube shi ƙuru-ƙuru. Ta ce masa garin nan akwai mutuwa a rijiyoyinsa, ta faɗa masa yadda Aisa ta tafi, ta faɗa masa abin da Malam ya ce. Ta ce ya sauke kayansu nan, motar farko mai komawa gabas ya sa matarsa a ciki. Sauran fasinjan ma ta faɗa musu, wasu suka sauka, wasu suka ce suna da kasuwa. Tanko ya ja mota ya wuce.

"Ya, ni ce fa," in ji Kellu. "Ko ƙofar gida ba za ki bar ni in gani ba?"

"Na san ke ce. Da wata ce da ban tako nan ba."

Suka zauna jiran mota, Kellu da mijinta ƙarƙashin wata tsamiya, Ya Kaka a ɗaya gefen titi ƙarƙashin wata 'yar aduwa marar inuwa. Ruwan gorarsu ya ƙare tun a hanya. Kellu ta fara lasar leɓe, gumi na bin wuyanta. Sai ga wata yarinya mai tallan ruwa ta fito daga wajen gari da tulu a ka. Ta ga mai ciki a rana, tausayi ya kama ta, ta sauke ta cika moɗa ta miƙa mata. Kellu ta kai hannu.

Ba wanda ya san tsohuwar nan na da sauran gudu sai ranar. Ta tsallaka titi ta kai wa moɗar sanda, ta yi sama ta faɗo, ruwan ya bi yashi ya ɓace. Ta ja da baya da sauri kamar wadda ta taka wuta. Ta tambayi mai tallan daga wace rijiya, ta faɗa, ta tambaye ta ko an tafasa, ta ce wa ke tafasa ruwan talla.

Kellu ta dubi jiƙaƙƙen yashin, ta dubi uwarta. A garin nan ko maƙiyinka ya zo ƙofarka da ƙishi ruwa kake fara ba shi, magana ta biyo baya.

"Ko ruwa, Ya?"

"Ko ruwa. Ki riƙe ƙishinki har Damagum, in kin je ki tafasa ki sha. Kowane ruwa, ki tafasa."

Kellu ta juya wa titin baya ta fuskanci daji. Haka suka zauna har rana ta karkata, uwa na kallon bayan 'yarta tana jin kamar ana yankar naman jikinta. Sau da yawa ƙafarta ta motsa za ta tsallaka, sai ta dubi hannunta ta koma ta zauna. Da wata motar shanu da ta sauke kaya ta zo, Bakari ya roƙi direban ya ba Kellu gaba. Ya waiwayo ya rusuna wa surukarsa. Kellu ba ta waiwayo ba.

Ya Kaka ta koma gida ta tarar wutar tukunya ta kusa mutuwa. Ta zaro itace ta iza, ta yi wa Talatu faɗan da ba ta ci ba, hayaƙi ya ba ta dalilin share ido.

Surutu kam an yi. An ce zuciyarta ta bushe saboda yawan taɓa gawa. An ce ta zubar wa 'yarta ruwa a bainar jama'a. Malam Zarami ya tashi bayan sallah ya ce abin da matar yayansa ta yi shi ne abin da ya kasa sa maza da yawa su yi, amma masu surutu suka ci gaba, suna shan ruwan tukunyarta suna yi. Ita ko a jikinta, aƙalla a gaban mutane.

Tanko ne ya kawo goron suna. Mace aka samu, uwa da 'ya lafiya, Gogo ce ke wankan jego. Ya Kaka ta tambaye shi ko Kellu ta ba shi wani saƙo. Ya sosa ƙeya ya ce hayaniya ta yi yawa a gidan, wataƙila ta manta. Ta karɓi goron ta raba wa mata, ba ta ci ko ɓari ba. Itacen bayan ɗaki ya yi ta raguwa har katanga ta fito fili, har ya zama sai ɓawo da tururuwa. Da ya ƙare, magidantan unguwa suka ji kunya suka fara kawo nasu.

Sai da damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai, sannan cutar ta lafa. Aka rushe rumfunan majinyata. Aka daɗe ba a buga ƙofar Ya Kaka ba. Ba ta motsa ba sai da ta ji daga bakin Laraba, ta kuma ji daga bakin Malam Zarami, cewa hanya ta buɗe. Arba'in ta wuce tuni. Ba itace, ba kanwa, tukunya ta yi baƙi ƙirin har gindinta ya fara yoyo. Kwalaben turare da humra kaɗai suka rage, su ta ɗaure a gefen zane ta hau mota.

A Damagum Gogo ta tarbe ta da gaisuwa mai sanyi, ta shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ta koma madafa. Ya Kaka ta zauna. Tana jin kukan jaririya daga can cikin gida, tana kallon labulen wani ɗaki, bai motsa ba. Maƙogwaronta ya bushe da ƙurar hanya. Aka jima, aka ƙara jimawa, ba wanda ya kawo ruwa. Ta gane, ko kuma ta zaci ta gane. Ta ce a ranta ai bashi ne, kuma da za a mayar da ita bakin titin nan, sandar za ta sake ɗagawa. Ta gyara zama ta sunkuyar da kai.

Can sai ga Kellu, ba daga ɗaki ba, daga madafa, jaririya a bayanta. Ta rame kaɗan amma idonta garau. Tana riƙe da kwano da gefen zane tana fifita shi da faifai. Ta durƙusa ta ajiye a gaban uwarta, tururi na tashi.

"Ki yi haƙuri, Ya, na safe ya ƙare, sai da na ɗora wani. Tun ranar da na dawo ba a sha ɗanye a gidan nan ba. Gogo har ta gaji da faɗa da ni."

Ya Kaka ta ɗauki kwanon da hannu biyu. Ruwan na ƙona leɓe, yana warin hayaƙi, ta shanye shi duka ba ta sauke ba, hawaye na gangarowa ciki. Kellu ta kwance goyo ta miƙo mata jaririyar.

Ya Kaka ta kai hannu, sai ta tsaya, ta mayar da su cinyarta.

"Kawo sabulu tukuna," ta ce.